Likkafanin da Na Warware a Hanyar Makka

Matan unguwarmu ta Dubeli da ke zuwa Makka yanzu, wata guda suke yi su dawo da haƙorin zinariya da ƙorafin abincin jirgi. Idan sun shigo gaishe ni sukan ce, "Hajiya Yagana, ke da kika je da ƙafa ai ladanki ya ninka namu." Nakan yi dariya in tura musu goro. Ni ban san yadda ake auna lada ba. Abin da na sani shi ne na yi wa mahaifina ƙarya a hanyar Ɗakin Allah, ba sau ɗaya ba, kuma da hannuna na lalata abu guda tilo da ya ce in tsare masa.

Baba, Malam Bukar, Babarbare ne da ya zo Jimeta yana saurayi da fataucin kanwa, ya zauna ya koma ɗinkin hula har yanar ido ta rufe masa gani. Uwata kuwa makaɗiyar zare ce, amma ba gwana ba. Zarenta wani wuri siriri, wani wuri ƙulli-ƙulli, Baba kullum yana tsokanarta wai ko makaho ya taɓa zai san aikinta ne. Shekara uku ta yi tana kaɗin likkafani biyu, nata da nasa. Aka kai wa masaƙi ya yi gabaga, wato siririyar saƙar nan mai faɗin yatsa huɗu, ita kuma ta zauna ta haɗa su gefe da gefe da allura har suka zama manyan zannuwa. Nata ta tafi da shi damina biyu bayan nan. Nasa ya rage a akwati, shi kuma ya yi alkawarin sai ya tsoma shi a ruwan Zamzam kafin a naɗe shi a ciki.

Lokacin ni na gama takabar mijina ke nan, ba ɗa ba jika. Yayyena maza biyu kowa ya kawo uzuri mai kyau. Don haka ni na zama idon Baba. Muna cikin kwalekwale a tsakiyar Binuwai ya laluba ya miƙo mini ƙunshin, ya ce in goya shi a baya kamar jariri.

"Yagana, jaki zai iya ɓata, guzuri zai iya ƙarewa, ni kaina zan iya faɗuwa a hanya. Wannan dai kada ya bar jikinki. Ko in kai shi Zamzam, ko ya kai ni kabari. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

Daga Girei zuwa Song zuwa Gombi tafiyar ba ta yi mana wuya ba. Mu goma sha wani abu ne a ayarin, shugabanmu wani dattijon Bafulatanin Yola da kowa ke kira Modibbo, mutum mai ƙarancin magana. Akwai kuma Goggo Dija, wata tsohuwa mai sayar da nono, wadda bakinta ba ya hutawa sai in tana salla. Ita ce abokiyar kwanana. Baba yana riƙe da ƙarshen sanda, ni ina riƙe da ɗaya ƙarshen, jakinmu yana gaba da gari da tabarma da takalman Baba.

Dole in yi maganar takalman nan. Tsofaffin wancan zamani takalmi a wurinsu na shiga gari ne, ba na tafiya ba. Mutum zai yi yini guda ƙafa tsirara, sai ya hango ƙofar gari sannan ya karkaɗe ƙafa ya saka. Baba yana da nasa na fata, ɗinkin Barno, ya cusa su can ƙasan mangala ya ce a Madina zai fara sa su. Na yi magana har na gaji. Ya ce kaushin ƙafarsa ya girme ni, kada in koya masa tafiya. A kan rairayi kuwa gaskiyarsa ce, ko gezau bai yi ba.

A Mubi muka haɗu da Garga. Kyakkyawan mutum ne, mai farar riga da carbi mai ƙamshi, yana jin Fulatanci da Hausa da yaren mutanen dutse. Ya zauna kusa da Modibbo ya ce in muka bi babbar hanya zuwa ƙasar da Faransa ke mulka, masu tsaron iyaka za su mai da duk wanda ba shi da takarda, makaho kuwa ko kallonsa ba za su yi ba. Amma shi ya san wata hanya ta cikin duwatsu, kwana biyar a sauka kusa da Marwa, ba wanda zai tambaye mu kome. Da na ji an ambaci makaho, ni ce na fi kowa roƙon Modibbo ya yarda. Wannan ma yana cikin abubuwan da nake tunawa idan barci ya ƙi zuwa.

Bazara ta riga ta shigo. Duwatsun nan ba irin namu ba ne da ake hangowa daga nesa a wuce. Dutse ne a kan dutse, hanyar ba ta fi faɗin ƙafa biyu ba, in rana ta take sai ka ji kamar kana taka tanda. Rana ta uku da azahar muka tsaya salla a gindin wata kuka. Garga ya ce akwai idon ruwa a kwari, bari ya kai jakunan su sha kafin mu idar, kada ma mu wahalar da kanmu da sauke kaya. Muka yi masa godiya. Har Goggo Dija ta sa masa albarka. Muka yi la'asar a wurin, muka yi magariba. Washegari maza biyu suka sauka kwarin, suka dawo suka ce babu idon ruwa, babu jaki, sai kashinsu da ya nufi yamma.

Abin da ya rage mana shi ne abin da ke jikinmu, da butoci, da ɗan garin da wasu suka ɗauko a ka. Modibbo ya ce komawa Mubi da ci gaba duk ɗaya ne, gara mu fuskanci gabas. Ba wanda ya yi musu, don ba wanda yake da ƙarfin musu.

Ni ma ƙafata tsirara take, amma ni ina ganin inda nake sa ta. Baba ba ya gani. Ina cewa "ɗaga, Baba, dutse," kafin in rufe baki ya riga ya buga. Kafin yamma kaushin da ya girme ni ya tsage gida uku, ɗan yatsansa babba ya fashe, duk inda ya taka sai ya bar jini. Na yage ɗankwalina na ɗaure masa. Yadin kanti ne, bai kai hantsi ba ya zama tsumma. Na yage gefen mayafina, shi ma haka. Ba ni da sauran abin yagewa sai zanen da ke rufe mini jiki.

A ranar ce na zauna bayan wani dutse na kwance goyona, wai don in gyara shi. Hannuna ya taɓa gabagar uwata, mai kauri, mai ƙarfi, faɗinta daidai da abin da ake naɗe ƙafa. Ba sai na yaga ba ma. Zare ɗaya zan ja ɗinkin ya warware, layi guda ya fita, sauran ya zauna kamar ba a taɓa shi ba. Na ce wa kaina layi ɗaya ne cikin masu yawa, wa zai sani?

Goggo Dija ta leƙo ta gan ni da haƙori a kan ɗinkin. Ta dafe ƙirji.

"La'ilaha! Yagana, likkafanin mutum kike ci da baki tun yana da rai?"

"Goggo, ki dubi ƙafarsa."

"Na gani. Amma wannan kayan lahira ne, 'yata."

"To in bar shi ya mutu yau don ya samu ya sa shi da kyau?"

Ta waiwaya ta dubi ƙafar Baba. Sannan ta tsuguna ta riƙe mini gefe ɗaya.

Ina naɗe masa ƙafar ya ce, "Me kika samo mana haka mai laushi?"

"Tsohon zanen Goggo Dija ne, Baba. Ita ta ba ni."

"Allah ya saka miki, Dija."

Goggo ta amsa da amin tana kallon ƙasa. A ranar Baba ya yi tafiya har yana tsokanata wai ni ce mai jan ƙafa. Na ji daɗi, kuma kunyar jin daɗin ta kama ni.

Layi ɗaya kwana biyu yake yi. Duwatsu su cinye shi, jini da ƙasa su daskare a jiki, ba kuma ruwan da za a wanke, don na sha ma da ƙyar muke samu. Kwana biyar na Garga suka zama goma, muna ta ɓata muna komowa. Ni kuma ina ta komawa bayan dutse. Kowane layi nakan ce shi ne na ƙarshe.

Baba yana da al'ada, kowace Juma'a sai ya ce in kawo masa ƙunshin ya ɗora hannu a kai ya yi wa uwata addu'a. Da Juma'a ta zo na ga ƙunshin ya rame, sai na tsinko busasshiyar ciyawa na cusa a tsakiya na naɗe. Ya ɗora hannu ya daɗe. Ya shafa fatiha ya ce, "Mai da shi bayanki." Na ɗauka na tsira.

Mutanen da ke zaune a duwatsun nan, a Jimeta da wani suna muke kiransu, wanda yau bakina ba ya son faɗarsa. Tun muna yara ake tsorata mu da su. Sun jera duwatsu hawa-hawa a jikin tsauni suna noman dawa a kai, ɗakunansu kuma a maƙale suke can sama inda ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau. Abin da ban sani ba shi ne su ma tsoronmu suke ji. Da sun hango rawani sai mata su kwashi yara su shige. A wani ƙauye sun jefe mu da duwatsu daga sama. A wani kuma wata mata ta zauna daram a kan murfin rijiya har muka wuce. Na zage ta da Barbarci, zagin da na gada wurin kakata.

Ƙafar Baba ta dama ta kumbura ta fara wari. Zazzaɓi ya shiga. Tafiyar da ayari ke yi kafin hantsi, mu sai azahar muke cim musu. Modibbo ya jira mu kwana biyu a gindin wani dutse, a na uku ya zo ya tsuguna gaban Baba.

"Malam Bukar, ruwan da ke butocinmu ba zai kai gobe ba. Akwai tsofaffi, akwai mai ciki. Ka yafe mini."

"Babu abin yafewa, Modibbo. Da ni ne kai, tun jiya na tafi. Ku ɗauki yarinyar nan ku tafi da ita."

"Baba, in ka sake faɗin haka," na ce, "zan zauna a nan ko ka tashi ka tafi kai kaɗai."

Goggo Dija ta kwance bakin zanenta ta ba ni ƙullin gari da ɗan guntun kanwa. Ta rungume ni ta raɗa mini a kunne, "Ki faɗa masa, Yagana. Kada ki bari ya tafi bai sani ba." Na tsaya ina kallonsu suna sauka ɗaya bayan ɗaya har dutse ya rufe su. Ban sake ganin ko mutum ɗaya daga cikinsu ba, ban kuma taɓa jin labarinsu ba.

A wurin ne kewar gida ta kama ni da gaske. Ba mutane na tuna ba. Binuwai na tuna, ruwa shimfiɗe har ido ya gaji, wanda muke wanke tukunya a ciki muna ƙorafin ya yi laka.

Washegari da hantsi wani mutum ya ɓullo da gatari a kafaɗa, fatar akuya a ƙugu. Na ɗauki dutse na tsaya a gaban Baba. Ya dube ni, ya dubi dutsen, ya kira ni Adda, wato yaya da Fulatanci, ya ce da Hausa, "Adda, ajiye. Daga ina?"

"Jimeta."

Sai ya washe baki. "Jimeta! Ni ya yi lebura a bakin ruwa, damina uku. Buhun gyaɗa, hawa jirgi, sauka jirgi. Dubeli, Nassarawo, duka ni ya sani."

Sunansa Zira. Ya tsuguna ya shinshina ƙafar Baba ya girgiza kai. Ba tare da ya nemi izinin kowa ba ya ajiye gatarin, ya goya Baba kamar buhun gyaɗar da ya saba, ya kama hawa. Ina biye da shi da rarrafe.

Uwarsa ta tare mu a ƙofar gida, wata 'yar ƙaramar tsohuwa, kanta a aske, ba ta da haƙori ko ɗaya a gaba. Ta nuna rawanin Baba ta yi ta faɗa da yarensu. Na tambayi Zira me take cewa.

"Ya ce masu rawani su ya kama baban shi, ya tafi da shi da igiya a wuya, bai dawo ba. Ya ce me ya sa ni ya kawo mai rawani gida."

Hausar Zira ba ta raba mace da namiji, mahaifin tsohuwar yake nufi. Tsohuwar ta gama faɗanta, ta tofar da yawu, sannan ta tsuguna ta fara kwance ƙafar Baba da kanta. Ta ɗaga gabagar da ta yi baƙi da jini, ta murza ta a yatsa, ta dube ni, ta dubi goyon da ke bayana. Ba mu da yare ɗaya ni da ita, amma na san ta gane. Ta dafa wani ganye ta wanke ciwon, ta dama kunun dawa ta kawo a ƙwarya. Baba ya shinshina ya yi jim.

"Ba giya ba ne, Malam," in ji Zira. "Ni ya san ku."

Kwana shida muka yi a gidan. Ganyen ya rage warin amma kumburin ya haura gwiwa. Tsohuwar ba ta taɓa yi mini murmushi ba. Kullum dai da safe sai ta sauka kwari ta hauro da tulu, ta zuba mana rabi, ta juya baya.

Safiyar Juma'a, rana ta ɗan ɗaga, Baba ya ce in kawo ƙunshin. Muryarsa ta dawo garau, har na yi zaton sauƙi ne. Na ajiye masa a cinya. Wannan karon bai ɗora hannu a kai ba, kwancewa ya fara yi. Ciyawar ta zube masa a jiki. Ya laluba abin da ya rage, bai fi ya rufe mutum daga kai zuwa ƙirji ba.

Na faɗi a ƙafafunsa ina kuka. "Baba, ni ce. Ba zanen Goggo Dija ba ne. Ƙarya na yi maka tun farko. Ka tsine mini in kana so."

"Tashi, Yagana. Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun layin farko. Shekara arba'in ina sa rigar zaren uwarki, kina tsammani tafin ƙafata ba zai gane ƙullinta ba?" Ya yi numfashi. "Na so in hana ki. Wallahi na buɗe baki in hana ki. Sai na ji ƙafata ta daina zafi, na yi shiru. Kowace safiya ina jin ki kina zuwa bayan dutse, ina cewa yau zan yi magana. Na bar ki kina ɗaukar ƙaryar ke kaɗai, don ni in samu in taka ƙasa. Ke za ki yafe mini."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa jin Baba ya ce ya yi laifi ba tunda aka haife ni.

Ya ninke guntun da ya rage ya danƙa mini. Ya ce kada in sa masa shi, rigar jikinsa ta isa, Allah ya ga halin da ake ciki. Wannan in kai shi Zamzam, ko da shekara nawa zan yi, don alkawarin da ya yi wa uwata ne. Sannan ya koya mini yadda zan wanke shi, tunda babu namiji Musulmi a kusa: in lulluɓe shi, in zuba ruwa ta saman mayafi, in fara da dama. Ya sa na maimaita kabbarori huɗu har sau biyu, yana gyara mini kamar yadda yake yi ina ƙarama. Kafin azahar ya cika.

Na yi masa wanka da ruwan tulun tsohuwar. Na ɗauko rigar, wadda ta yi wata biyu a jikinsa, ta yage a kafaɗa, ga jini ga ƙasa. Na ja ta sama ƙafafu suka fito, na ja ta ƙasa fuska ta fito. Na sake ja, na sake ja, kamar wadda ta zautu. Mutumin da ya shekara yana shafa likkafaninsa kowace Juma'a, ga shi zan sa shi a rami cikin tsumma, kuma aikina ne.

Tsohuwar tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona. Can sai ta juya ta hau rumbunta, ta sauko da wata tukunya da aka liƙe bakinta da laka. Ta fasa lakar da dutse. Cike take da naɗin gabaga, fara sol, saƙa mai kyau da ta fi ta uwata nesa ba kusa ba.

Zira ya yi tsalle ya riƙe mata hannu. Suka yi ta cacar baki, shi yana ɗaga murya, ita tana amsawa a gajarce. A ƙarshe ya sake ta ya zauna a kan dutse ya rufe fuska.

"Mene ne, Zira?"

"Adda, wannan na mutuwan shi ne. Mu a nan, mutum yana tara shi tun yana da ƙarfi, kaɗan kaɗan. Ranar da ya mutu, a naɗe shi duka, a ɗauke shi a kafaɗa a yi rawa, gari duka ya gani. Wanda ya tafi babu, kunya ne a kan yaran shi har abada. Mama ya fara tara wannan tun ba a haife ni ba."

"To ka ce mata ba zan karɓa ba."

Ya faɗa mata. Ta amsa ba ta ko dube ni ba.

"Ya ce ba kai ya ba wa ba, Malam ya ba wa. Ya ce mutum ya mutu a gidan shi, ba zai fita tsirara ba. Baban shi ya mutu a wurin ku, bai sani ba ko wani ya rufe shi. Ya ce yana da hannu, zai yi wani."

Allurar ɗinkin hular Baba tana soke a bakin zanena tun daga Dubeli. Na zare ta. Tsohuwar ta ɗauko tata ta ƙashi. Muka zauna a ƙasa, ta kama daga kai na kama daga ƙafa, muna haɗa layi da layi, har muka haɗu a tsakiya da la'asar. Zira ya haƙa ramin a inda na nuna masa, na juya Baba ya fuskanci alƙibla. Na yi kabbara huɗu ni kaɗai, su biyu suna tsaye can gefe. Muka jera duwatsu a kai saboda kura.

Zira ya raka ni har inda ake hango filin Marwa ya koma. Sauran tafiyar ba zan ja ta ba. Na yi wanki da daka a garin Kusuri, na bi wani ayari na ratsa Cadi, na yi shekara biyu ina tsinkar auduga a gonakin Sudan kafin in samu in haye Bahar Maliya. Ranar da na tsoma guntun nan a Zamzam, matan da ke gefena suna ta tsoma manyan yadudduka, wata ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, na jariri ne?" Na ce mata na mahaifina ne.

A Makka na sayi yadin alawayyo fari, mafi kyau da ƙarfina ya kai, wanda zai naɗe babban mutum har ya yi saura. Shi ma na tsoma shi. Don uwar Zira na saye shi. Na san ita ba ruwanta da Zamzam, amma ba ni da wani abu da ya fi shi da zan sa a ciki.

Shekara bakwai bayan binne Baba na sake hawa dutsen nan. Daga Marwa abokan tafiyata suka ce na haukace, ga mota har Mubi. Na bar su na hau da ƙafa, da alawayyon a goye. Kabarin yana nan, duwatsun ba wanda ya taɓa. Zira ya fito, gashinsa ya fara fari, ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Adda Jimeta."

Na kwance goyon na shimfiɗa a gabansa. "Ina Mama? Na kawo mata nata."

Ya taɓa yadin da yatsa ɗaya. "Mama ya mutu. Damina biyu bayan kai ya tafi."

"Ta samu ta kaɗa wani?"

"Ya fara. Amma yatsan shi ya ƙi. Abin da ya yi, kai kawai ya rufe."

"Sauran jikin fa?"

"Fatar akuya. Ba a yi rawa ba."

Na zauna a ƙasa a daidai inda muka yi ɗinki ni da ita. Ban yi kuka ba, abin ya wuce nan. Farin yadin yana shimfiɗe tsakaninmu, rana tana haska shi, na rasa inda zan sa shi da inda zan sa idona. Daga baya Zira ya miƙa hannu ya fara ninke shi a hankali, gefe da gefe.

"Bar shi, Adda," ya ce. "Ni ma zan mutu."

Na sauko na dawo Dubeli, na yi aure, na haihu, ga jikoki nan suna cika mini kunne. Guntun uwata yana ƙasan akwatina, na kuma gaya wa 'ya'yana a sa mini shi a fuska. Tuni suka saya mini cikakken likkafani suka ajiye, sabo fil. Kowace Juma'a nakan buɗe akwatin in ɗora hannu in yi wa Baba da uwata addu'a. Sannan in tsaya, don akwai ta uku, kuma kwana shida na yi ina shan ruwan tulunta ban tambayi sunanta ba.